Daga Kwandon Kalwa Zuwa Tankin Masana'anta: Yadda Ɗanɗanon Miya Ke Sauya Hannu a Yammacin Zamfara

Daddawa da farin magi, waɗanda ake ɗauka kishiyoyin juna ne a tukunyar miya, aikin ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Dukansu biyu bakteriya ce ke samar da su, kuma sinadarin da ke sa harshe ya ji daɗinsu guda ne, wato gulutamet. Inda suka rabu shi ne wurin da ake yin aikin da kuma wanda ke cin ribarsa. Ɗaya a tsakar gida ake yin ta, a cikin kwando ko ƙwarya, a hannun mace. Ɗayan kuwa a cikin tankunan ƙarfe ake yin sa, a masana'antun da galibinsu ba a Najeriya suke ba. A ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum, inda tuwon dawa da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa suke abincin yau da gobe, farin magi da dunƙulen kanti sun shiga kusan kowane gida, daddawa kuma tana ja da baya a hankali ba tare da ta ɓace ba.

Haɗa daddawa aiki ne na kusan mako guda. A bazara ake kaɗo 'ya'yan ɗorawa, a ɓare su, a raba garin nan mai launin rawaya da ƙwayar da ake kira kalwa, ɓawon kuma a ajiye shi don makuba. Kalwa tana da taurin tsiya. Sai an dafa ta yini guda, wani lokaci har da kwana, ana ƙara ruwa ana iza wuta, kafin ɓawonta ya saki. Daga nan a surfa ta a turmi da toka ko yashi, a kai ta bakin rijiya ko gulbi a wanke, a tsince, a sake dafawa da 'yar kanwa. Tun tana da zafi ake juye ta a kwando, a lulluɓe da ganye da buhu ko tsumma, a ajiye a ɗaki kwana biyu zuwa uku. A cikin waɗannan kwanakin ne ainihin aikin yake faruwa. Dahuwa ta kashe yawancin halittun da ke jikin kalwar, amma akwai wani jinsin bakteriya mai suna Bacillus subtilis da ke jure zafi. Shi ke yaɗuwa, yana farfasa furotin ɗin kalwar zuwa ƙananan sinadarai, ciki har da gulutamet. Yauƙin da ke bayyana da warin da ke tashi alamu ne na cewa aikin ya kama. Masani S. A. Odunfa na Jami'ar Ibadan yana cikin waɗanda suka fara bayyana wannan a rubuce a 1981, a kan irin daddawar da Yarabawa ke yi. Wannan bakteriyar ce kuma Japanawa ke haɗa wani abincinsu na waken suya da ita. Matan da ke rufe kalwa a Gummi ba su san sunanta ba, amma sun san yawan zafin da take so, sun san cewa a lokacin hunturu sai an ƙara mayafi, kuma sun san cewa tsohon kwando ya fi sabo kama aiki, domin irin yana maƙale a jikinsa.

Akwai kuma daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, ta fi yawa a inda ɗorawa ta yi ƙaranci, musamman ta wajen Sakkwato da Nijar. Hanyar kusan ɗaya ce.

Tarihin farin magi kuwa daga Japan ya faro. A 1908 wani malamin kimiyya a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya gano cewa gulutamet ne sirrin daɗin romon wani ganyen teku, kuma a 1909 aka fara sayar da gulutamet ɗin da sunan Ajinomoto. Da farko daga furotin ɗin alkama ake tatso shi da ruwan asid, hanya mai tsada da wahala. A 1956 masu bincike na kamfanin Kyowa Hakko, ƙarƙashin Shukuo Kinoshita, suka samo wata bakteriya a cikin ƙasa, wadda yanzu ake kira Corynebacterium glutamicum, mai cin sukari tana fitar da gulutamet da yawa. Wannan ne ya karya farashin. A yau ana zuba ragowar ruwan rake mai kauri ko sitacin masara ko na rogo a tankin da ke ɗaukar dubban ɗaruruwan lita, a kashe duk wata halitta da ke ciki da tururi, a saka zaɓaɓɓen iri guda, a riƙa hura iska ana auna zafi da tsami har kimanin kwana biyu, sannan a tace a busar ya zama farin gishiri-gishiri. Abin da duniya ke samarwa a shekara ya haura tan miliyan 3, mafi yawansa a ƙasar Sin. Da wannan bakteriyar ake yin sinadarin laisin da ake sawa a abincin kajin gidan gona.

Dunƙule kuwa daga Turai ya zo. Julius Maggi na ƙasar Suwizalan ya fitar da nasa a 1908, kamfanin Nestlé ya mallaki sunan a 1947, kuma sunan ya bi bakin mutane har ya zama kowane dunƙule magi ne a wurin Bahaushe, ko Knorr ne ko Royco. Nestlé na da masana'anta a Agbara, ya kuma buɗe wata a Shagamu a 2011, duka a Jihar Ogun. Kamfanin ya taɓa bayyana cewa yana sayar da dunƙule sama da miliyan 100 a kowace rana a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ajinomoto ya kafa reshensa na Najeriya a 1991. Akasarin farin magin da ake ci a ƙasar shigo da shi ake yi, a ƙulla shi cikin ƙananan ledoji, ya hau mota zuwa Kano da Gusau da Sakkwato, daga can ya gangaro ta Anka da Daki Takwas har teburin mai kayan miya a ƙauye.

Dalili na farko da ya ba dunƙule galaba shi ne ƙanƙantarsa. Magidancin karkara ba ya cefanen wata, na yini yake yi, kuma dunƙule ɗaya ko ƙullin ajino ɗaya ya dace da abin da ke aljihunsa. Ba ya lalacewa, ba ya bukatar daka, ɗanɗanonsa na yau shi ne na gobe. Daddawa kuwa hannu-hannu ce: ta wance ta yi daɗi, ta wance ta yi ɗaci ko yashi. Sai kuma wari, wanda 'yan matan zamani da yawa ke gudu, da tallan rediyo da talabijin da shirye-shiryen girki na watan azumi da suka shafe shekaru suna nuna cewa ƙwararriyar uwargida da dunƙule take girki. Waɗannan dalilai ana samun su ko'ina a ƙasar Hausa.

Abin da ya keɓanta da yammacin Zamfara ya fi waɗannan nauyi, kuma ta wajen masu yin daddawar ya ɓullo, ba ta wajen masu saye ba. Sana'ar tana tsaye ne a kan abubuwa uku da duk sai an fita daji ko gona kafin a same su: kalwa, itacen wuta da ruwa. Tun da ta'addancin 'yan bindiga ya yi ƙamari a dazuzzukan Bagega da Sunke da Gando, fita kaɗar ɗorawa a gona mai nisa ta zama kasada, kuma mata da yara, waɗanda su ne masu wannan aiki, su ne suka fi shiga haɗarin sacewa. Hare-haren farkon watan Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun tashi garuruwa da dama. Matar da ta yi gudun hijira zuwa cikin garin Anka ta bar bishiyoyin gonar mijinta, ta bar manyan tukwanenta da turminta, ta koma inda itace na saye ne, ruwa ma na saye. Dahuwar yini guda a irin wannan hali ba ta fitar da kuɗinta. A watan Satumban 2021, lokacin da gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako ta kuma hana safarar itace daga daji don matsa wa 'yan bindiga, matakin ya taɓa wannan sana'a ta fuska biyu, domin a kasuwar mako ake auna kalwa da tiya, a can kuma ake sayar da daddawar. Kwalin magi ba ya jiran ranar kasuwa, a shago yake zaune.

Ita kanta bishiyar tana raguwa. Ɗorawa takan ɗauki shekaru masu yawa, sau da dama kusan goma, kafin ta yi 'ya'yan kirki, kuma ba kasafai ake dasa ta ba. Manomi ne ke ƙyale wadda ta fito da kanta a gonarsa. Noma da garmar shanu da tarakta, da kiwon da ke cinye ƙananan tsirrai, da saran gawayi da katako, sun sa tsofaffin bishiyoyi na faɗuwa ba tare da magada ba. Akwai wani zagaye a nan da ya cancanci lura. Manomi yana kare ɗorawa ne saboda kalwarta na da kuɗi. Idan bukatar kalwa ta ragu, ko kuma ya kasa zuwa ya kaɗe ta, darajar bishiyar a tsaye takan yi ƙasa da darajarta a sare, sai ya sayar wa mai gawayi. Kalwa ta ƙara tsada, daddawa ta ƙara tsada, mai cefane ya ƙara karkata ga dunƙule.

Illar farko ta wannan sauyi tana cikin kwanon abinci, kuma ba inda ake yawan nunawa take ba. Jita-jitar da aka fi yaɗawa ita ce farin magi guba ne, ana kafa hujja da cewa yana fitar da tabo a tufafi. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba shi a 1987 bai ga dalilin sanya masa iyaka ta musamman ba, kuma gulutamet ɗin da ke cikinsa jiki ba ya bambanta shi da na daddawa ko na tumatir. Matsalar gaskiya biyu ce. Ta farko gishiri: kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne, ana kuma jefa biyu ko uku a tukunyar da aka riga aka sa wa gishiri da kanwa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. A yankin da gwajin hawan jini bai wadata ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta biyu kuma ita ce abin da aka rasa. Daddawa ba ɗanɗano kaɗai ba ce, abinci ce: kimanin kashi ɗaya cikin uku na busasshiyarta furotin ne, tana da mai, kuma ruɓawar na ƙara mata wasu sinadaran bitamin. A gidan da nama sai sallah ko suna, curin daddawa a miya da yajin daddawar maijego suna cike wani gurbi, komai ƙanƙantarsa. Dunƙule yana sa miyar da ba ta da komai ta yi daɗi kamar tana da nama, ciki ya cika, jikin yaro bai samu abin ginuwa ba. A jihar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar yara masu tamowa, har da Anka da Gummi, wannan bambanci ya isa a saka shi cikin lissafi, ko da yake ba shi ne tushen yunwar ba.

Adalci ne kuma a faɗi inda masana'anta ta fi. Tun 2012 Nestlé ke ƙara sinadarin ayon a dunƙulensa na Najeriya, ana kuma yin sa da gishiri mai aidin, kuma abin da ke shiga kowane gida kullum hanya ce mai sauƙi ta isar da irin waɗannan sinadarai ga matan da ke fama da ƙarancin jini. Sannan akwai tsabta. Kwandon da ba a rufe da kyau ba yakan ba wasu bakteriya masu sa gudawa damar shiga, kuma shanya a ƙasa na jawo ƙura da ƙuda. Wannan yanki ya san illar ƙura fiye da ko'ina. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da Bagega da 'Yargalma da Tungar Guru, inda ake kawo dutsen zinare cikin gida ana dakawa ana niƙawa, wani lokaci da turmi da injin da ake sarrafa hatsi. Yara kimanin 400 suka mutu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa hatsi yana kwasar dalma ne a wajen sussuka da surfe da niƙa, ba daga gona ba. Duk abincin da ake surfawa da yashi, a daka a turmi, a shanya a tsakar gida, yana fuskantar wannan haɗari a ƙauyen da ake haƙar zinare. Abin da aka naɗe a takarda a Agbara ya tsira daga wannan.

Illa ta biyu ta shafi inda kuɗi ke tafiya. Daddawa sana'ar mata ce tun daga kaɗa har talla, kuma sana'a ce da matar kulle da dattijuwa da bazawara za su iya yi ba tare da jarin kirki ba. Da ita ake zubin adashi, da ita ake tara kayan ɗakin 'ya. Naira ɗarin da aka kashe a kan daddawa tana yawo tsakanin mai bishiya da mai itace da mai ga-ruwa da mai daddawa, duk 'yan gari ɗaya. Wadda aka kashe a kan dunƙule, ɗan abin da mai shago ya samu ne kawai ke tsayawa, saura ya bi hanyar Legas, wani kaso ya ƙetare teku. Shi ya sa faɗuwar darajar Naira bayan Yunin 2023, da tsadar sufuri bayan cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, suka isa tukunyar Bukkuyum kai tsaye ta farashin dunƙule. Da can canjin dala ba shi da ruwa da miyar kuka.

Irin wannan sauyi na faruwa a wasu abincin, ko da yake a taƙaice. Kindirmo ma aikin bakteriya ne, masu mai da sukarin madara tsami, kuma Bafulatana na ɗaukar irinsu daga ƙwaryar jiya zuwa ta yau. Satar shanu da ƙaurar makiyaya sun rage nonon da ke shigowa kasuwa, sai madarar gari ta waje ta maye gurbi, ana kwaɓa ta a kwana da ita ta yi tsami, ko a sayi yogot na roba da aka haɗa da irin da aka shigo da shi a fakiti. Masu waina da fanke da gidajen burodi sun koma yis na kanti, wanda shi ma a tanki ake renonsa, domin ya fi saurin tayar da ƙulli. Reshen wannan fasaha da ya fi girma a kudancin ƙasar, wato giya, ba shi da gurbi a Zamfara, inda shari'ar Musulunci ta fara aiki a hukumance a watan Janairun 2000. Saboda haka duk wata masana'antar irin wannan da za a yi tunanin kafawa a yankin, ta kayan miya da nono da abincin dabbobi ce.

Duk da haka daddawa ba ta mutu ba, kuma kamfanonin su ne shaida. Cadbury ya fitar da dunƙulen daddawa a shekarun 1990. Nestlé ya sha bayyana cewa akwai ruɓaɓɓen waken suya a cikin dunƙulensa. Ajinomoto ma ya fito da garin daddawa mai suna DeliDawa. Masu kuɗi ba sa kwaikwayon abin da ba shi da kasuwa. A gidaje da yawa ma ba zaɓi ake yi tsakanin biyun ba, haɗa su ake yi: daddawa don ƙamshi da nauyin miya, dunƙule don kaifin ɗanɗano. Miyar kuka da ba daddawa har yanzu ana ganin ta rago ce.

Tazarar da ke tsakanin kwando da tanki ba ta kai yadda ake zato ba, kuma cibiyoyi irin su FIIRO da ke Oshodi a Legas, wadda aka kafa a 1956, da sassan nazarin ƙananan halittu na jami'o'in Ibadan da Zariya da Sakkwato sun daɗe suna aiki a kai. Wurin da ya fi cin ƙarfi da itace shi ne cire ɓawon kalwa. Injin da ke ɓare ta tun tana busasshiya yana rage dahuwar yini zuwa 'yan sa'o'i. Zaɓaɓɓen irin Bacillus subtilis da aka busar aka ƙulla yana sa kowane rufi ya fito iri ɗaya, ya kuma rage wa miyagun bakteriya dama. Shanya a kan gado mai rufin leda ko gilashi na raba daddawa da ƙurar ƙasa, niƙa ta gari a leda kuma na rage warin da ake gudu ya ba ta irin ƙanƙantar da ta ɗaukaka dunƙule. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar wutar lantarki mai yawa. Cikas ɗin yana wajen jari, da rajistar hukumar NAFDAC wadda ƙungiyar matan ƙauye ba za ta iya bin matakanta ita kaɗai ba, da kuma hanyar da za a bi da kaya ba tare da fargaba ba.

Sai batun waken suya, wanda ake nomawa a Zamfara, kuma aka daɗe ana daddawa da shi a Binuwai da kudancin Kaduna. Yana dahuwa da wuri, ɓawonsa ba ya gardama, ana shuka shi a girbe a damina ɗaya a gonar bayan gari, ba sai an shiga daji ba. Ga matar da ke zaman hijira a Anka ko Gummi, shi ne hanya mafi kusa ta komawa sana'arta. Masu ci da yawa na cewa bai kai kalwa ƙamshi ba kuma bai kai ta jure ajiya ba, shi ya sa wasu ke gauraya su. Yana kuma da nasa tasirin a kan bishiyar: duk tiyar waken suya da ta shiga kwando, tiyar kalwa ce da ba a nema ba, kuma ɗorawar da ba a neman kalwarta ita ce mai gawayi ke fara tayawa.